Kiɗan da Ya Yi wa Ɗiyar Fari

Tun kafin a kai ni ɗakinsa nake ɗauke da wannan fargabar. Ranar da aka kawo kayan sa rana gidanmu a Rawayau, wata gwaggona da ke aure a Dutsin-Ma ta ja ni gefe ta ce yaron ba shi da aibu, yana sallah, yana da shagon gyaran rediyo da fitila a can Dutsin-Ma, amma fa an ce yana kiɗa. Na ce ganga? Ta ce a'a, wani abu ne mai dogon wuya, jita ake ce mata. Daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Ba kaina nake ji ba, abin da zan haifa nake ji. A wajenmu in an zo neman aure sai an bi sana'ar uba har kaka, ni kuma ba na son wata rana a ce da ɗiyata ɗiyar makaɗi, a juya da goron da aka kawo.

Gidansu a Kurfi yake, mu uku ne a ciki: ni, da shi, da mahaifiyarsa da muke ce wa Inna. Inna mutuniyar Barkiya ce, Bafulatanar da Fulatanci ya kuɓuce mata amma kunya ba ta kuɓuce mata ba. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya makara sai ta ce, mai babur ɗin nan bai dawo ba? In ya gaishe ta tana kallon bango take amsawa. Ban ga abin mamaki ba, haka na taso na ga ana yi wa ɗan fari.

Jitar tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinmu. Wani dattijo ne ya ba shi ita, mutumin Filato da ya yi koyarwa a Dutsin-Ma har ya yi ritaya ya zauna. Rediyo ya kawo gyara suka saba, shi ne ya koya masa. Baba yake ce masa. Kullum maigidana yakan dawo daga shago bayan la'asar, ya wanke hannu, ya zauna bakin gado da ita har a kira magariba. Da tsohon katin waya yake kaɗa ta, ya yanke shi ya goge bakin a siminti. Kan yatsunsa na hagu duk kanta ne, ko kofin shayi mai zafi ya riƙe ba ya ji.

Na zaci zan ji waƙa. Wata guda ina jira, ban ji ba. Hawa kawai yake yi da sauka, sauti bayan sauti, daga mai kauri zuwa siriri, ya juyo ya sauko, ya matsa hannu gaba kaɗan ya sake. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Malam, wai yaushe za a kai ga waƙar?"

Ya yi dariya ya ce in ajiye tsintsiyar in zauna. Ya ce wannan da nake ji Baba yana ce masa sikel, shi kuma tsani ya sa masa, don matakai bakwai ne, na takwas shi ne na farkon ya sake dawowa da siririyar murya. Sai ya danne tsirkiya huɗu lokaci guda ya share su da katin, suka yi kuka tare. Ya ce wannan dunƙule ke nan. In ka warware dunƙulen ka kaɗa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, za ka ga ka taka mataki ka tsallake na gaba, ka taka ka tsallake. Sunan wannan a bakin Baba afejiyo ne, ni dai tsallake na riƙe. Ya tambaye ni ko na tuna rafin hanyar Rawayau da damina. Na ce na tuna. Ya ce to tsallake shi ne duwatsun da kike takawa, tsani kuma shi ne duk abin da ke tsakaninsu. Kina iya tsoma ƙafa a ruwa, kina iya wasa, amma in dunƙulen ya canza sai ƙafarki ta sauka kan dutse, in ba haka ba kowa zai ji kin faɗi.

Na ce to waƙar fa? Ya ce irin kiɗansu, jaz, ba a haddace shi. Dunƙule huɗu ne ya ɗauka a wayarsa suna zagayawa, shi kuma ya bi ta kansu da abin da ya zo masa a lokacin. Gobe ba zai iya maimaita na yau ba ko da an sa masa wuƙa. Na ce ashe wahalar banza ce, mutum ya yi abu ya zubar. Ya ce tuwon jiya fa, yana ina? Na ɗauki tsintsiyata na fita.

Da cikina ya tsufa aka mai da ni gida haihuwa. Na sami ɗiya mace. Ya zo Rawayau ranar suna da sau biyu cikin wankan jego, kuma duk zuwan a zaure yake tsayawa. Ƙanwata ta kai masa jaririyar, ya dubi ƙasa ya ce Allah ya raya, bai miƙa hannu ba. Da na koma Kurfi bayan arba'in haka aka ci gaba. Bai ɗauke ta ba, bai kira sunanta ba. Baƙuwarku yake cewa. Baƙuwarku ta sha magani? Wani lokaci ina goye da ita zan juya in kama shi yana kallon ƙafafunta, da ya ga na gani sai ya shiga neman makullin babur. Na san al'ada ce, amma a raina nakan ce da namiji ne wataƙila da ya fi haka. Kun ji irin tunanin mai jego.

Yarinyar kuma tana da kukan yamma. Da rana ta karkata sai ta fara, ba yunwa ba, ba ciwo ba, ta yi ta yi har jijiyar wuyanta ta fito. Mun yi rubutu, mun yi jiƙo, na kai ta asibiti aka ce lafiyarta ƙalau. Ni da Inna mukan karɓi juna a tsakar gida, shi kuma yana ɗaki da jitarsa. Haushi ya riƙa kama ni, ɗiya tana neman shiɗewa, ubanta yana kiɗa. Sai da aka kwana biyu na lura da wani abu. In ta ja kuka, sai ya hau da tsallake, taku huɗu, ya tsaya a kan sautin da saura mataki ɗaya ya isa gida. Ya riƙe shi nan, ya riƙe, har ni kaina in tsaya ina jira. Ita ma sai ta yi tsit, ta buɗe ido kamar tana jiran a ƙarasa. Sai ya sauko da tsani a hankali. In ta sake ja, ya sake hawa ta wata hanyar. Kafin a kira magariba ta yi laushi a kafaɗata.

Na lura da wannan, amma ban ce masa komai ba. Na kuma lura cewa a daidai lokacin ne Inna take jawo tabarmarta jikin bangon ɗakinmu tana tsince wake. Na ɗauka inuwa take bi.

Wata Juma'a da ya dawo da wuri, yarinyar tana da wata bakwai, Inna ta tafi barka maƙwabta. Kukan ya tashi. Ya leƙo ya ce in shigo da ita, in kawo wayata, tunda tasa tana zagaya masa dunƙulen. Ya nuna mini inda zan danna. Ya ce, "Ɗauki wannan ki aje. Wata rana kya kunna ma baƙuwar."

Na zauna a ƙasa da ita a cinya na ɗauka. Bai fi tsawon dafa shayi ba. A ciki akwai kukanta, akwai amsarsa, har da wurin da ta daina kukan ta yi wata 'yar ƙara kamar dariya, shi ma ya kwaikwaye ta da siririyar tsirkiya. Bai dube ta ba har ya gama. Wuyan jitar yake kallo, amma kunnuwansa na ga suna motsi.

Bayan sati uku muka je suna Rawayau. Muna zaune ɗaki cike da mata, yayata ta karɓi wayata za ta ga hotunan yarinya. Hannunta ya faɗa kan abin. Sai ga kiɗa ya cika ɗakin, ga kukan ɗiyata a ciki. Aka kwashe da dariya. Yayata ta ce ashe gaskiyar gwaggo ce, matar makaɗi, yaushe za ku fara zuwa biki mu yi muku liƙi? Wata ta ce ai ga 'yar amshi nan har ta fara. Ba da mugunta suka faɗa ba, wasa ne irin na ɗaki, na sani. Amma abin da nake tsoro tun ranar sa rana shi ne ya fito daga bakinsu, a kan ɗiyata, tana kwance a gabansu. Na karɓi wayar na zagaya bayan rumbu. Na danna wurin gogewa, wayar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna e.

Da na koma Kurfi ban gaya masa na goge ba. Abin da na ce masa shi ne ya fitar da jitar daga gidan, don yarinya tana girma, kada ta taso da abin a kunnenta, kada a sa mata suna da shi. Na shirya zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon ƙusar, sannan ya ce to. Washegari ya naɗe ta a zane ya ɗaure a bayan babur ya kai shago. Ranar da yamma Inna ba ta jawo tabarmarta ba. Yarinyar ta yi kuka har magariba, ta yi na gobe, ta yi na jibi, daga baya ta gaji ta bari. Ni kuma na ce ka gani, dama lokaci ne.

Wata biyar aka yi a haka. Da damina ta yi tsakiya ya dawo da zazzaɓi, ya ce ruwa ne ya dake shi a hanya. Kwana biyu a gida, kwana uku a asibiti. Ran na biyar da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Yarinyar ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana ta bin masu zuwa gaisuwa tana kama musu zane. Har ya koma ga Allah hannunsa bai taɓa jikinta ba, sai sau ɗaya da ta yi tuntuɓe a bakin murhu ya fizge ta ya dire, ya fita da sauri kamar ya yi sata.

A gidan na yi takaba. Cikin kwanakin ƙannensa suka kwaso kayan shago, jitar ta dawo a buhun taki. Da aka zo rabon gado babu wanda ya dube ta, wani ma ya ce a ba yara su yi wasa. Inna ta ce a miƙo mata. Ta kai ɗakinta ta rataye saman gado.

Wayarsa ni aka ba. Na bincike ta kaf. Akwai dunƙulen nan huɗu suna zagayawa, akwai tsani da tsallake da ya ɗauka don ya ji inda yake kuskure. Abin da yake ɗorawa a kai, babu ko ɗaya. Nakan kunna dunƙulen in zauna ina jira ya shigo, su zagaya su dawo, su zagaya su dawo, wurinsa a buɗe. Na aika da tawa wayar wajen mai gyara a kasuwa ko za a iya dawo da abin da aka goge. Aka ce hotunan da na ɗauka daga baya sun hau kai, ya tafi.

Ranar da na fita takaba na gaya wa Inna komai, da ɗaukar da gogewar da abin da yayata ta ce. Na jira ta zage ni, da ta zage ni ma da na ji sauƙi. Tana tsince wake ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Ke kin zaci inuwa nike bi a jikin bangon nan?"

Na durƙusa a gefen tabarmarta.

Ta ce, "Shekara talatin da ɗaya ban kira sunanshi ba. Ban taɓa ce mishi ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba. In ya kaɗa abin nan nakan san ranar da kasuwa ta yi mishi daɗi da ranar da ba ta yi ba. Da kika sa ya fitar, ni ma kin rufe mini ƙofa, amma mi zan ce? In ce a bar ma ɗana kiɗanshi? Da wane bakin?"

Ita ce ta ce mu je wajen dattijon nan. Inna da ba ta barin Kurfi sai gaisuwar mutuwa, ta yafa mayafi ta rungumi buhun taki muka shiga mota zuwa Dutsin-Ma, ni ina goye da yarinyar. Maƙwabcin shagonsa ya kwatanta mana gidan. Muka sami Baba a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, tsoho mai furfura da tabarau ɗaure da zare. Da ya ji ko su wane ne mu sai ya cire hularsa, ya sa matarsa ta kawo mana ruwa da tabarma. Ya ce ya zo jana'iza ya tsaya daga baya.

Na kunna masa dunƙulen na ce, "Baba, kai ka koya masa. Ka kaɗa mini abin da yake kaɗa wa yarinyar nan, in ɗauka in ajiye mata."

Ya ciro jitar daga buhu, ya daɗe yana murɗa kunnuwanta har muryoyin suka daidaita. Sannan ya bi dunƙulen. Wallahi ya iya, ya fi maigidana gudu, hannunsa kamar ba ya taɓa tsirkiyar. Amma ba shi ba ne. Yarinyar tana can tana bin kaji, ko waiwaye ba ta yi ba. Ya tsaya ya ce, 'yata, tsani da tsallake na ba shi, su kowa ma yana iya samu. Abin da mutum yake ginawa da su kuwa daga abin da ke gabansa yake ɗauko shi a lokacin. Ya ce me ke gabansa in yana yi? Na ce kukanta. Ya ce to ai kin ji, rabin kiɗan nata ne, ni ban taɓa jin wannan rabin ba.

Ya ce abu ɗaya dai ya sani, don sun sha yin faɗa a kai. Yaron yana da wata ɗabi'a, in ya hau da tsallake sai ya tsaya a mataki na bakwai ya ƙi ƙarasawa, har dunƙulen ya wuce ya bar shi. Ya ce na sha ce masa kai, wa kake jira a nan? Sai yaron ya yi dariya kawai. Baba ya ce bari ku ji, haka yake yi. Ya hau taku huɗu ya tsaya.

Yarinyar ta saki kazar da take bi. Ta juyo, ta tsaya cak da hannu ɗaya a sama, bakinta a buɗe, tana kallon ƙofar gidan. Ba Baba take kallo ba, ƙofa take kallo. Baba ya riƙe sautin har ya mutu da kansa, bai sauko ba, don bai san ta inda ake saukowa ba. Ta jira, ta jira, sannan ta koma wajen kajinta.

A nan ne Inna ta kira sunansa. Sau ɗaya, a hankali, cikin mayafi. Ban taɓa ji ba sai ranar, ban kuma ƙara ji ba.

Da za mu tafi Baba ya gaya mana abin da ya sa nake wannan rubutun. Ya ce tun da jitar ta koma shago, maigidana ba ya barin la'asar ta wuce bai kaɗa ba. Dunƙulen nan huɗu dai, da tsayawar nan tasa, alhali babu mai kuka a wurin. Ya ce ɗalibai masu kawo gyaran fitila da abin sauraro na kunne sukan tsaya su saurara, ya sha ganin waɗansu sun ɗaga waya suna ɗauka. Bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma yawancinsu sun gama karatu sun watse.

Yanzu shekararta uku da rabi. Jitar tana ɗakin Inna, ranar Juma'a takan sauke ta ta goge ƙura, yarinyar ta ja tsirkiya ɗaya ta gudu. Ta fara tambaya. Ran nan ta ga maƙwabcinmu ya ɗora ɗansa a wuya ta ce, nata baban yana ɗaukarta haka? Na ce yana yi miki kiɗa. Ta ce wane iri? Na buɗe baki in yi mata, tsanin kawai ya fito, hawa da sauka, shi na haddace don shi na fi ji. A kiɗan da yake yi mata kuwa ban riƙe komai ba sai wurin tsayawar. Har yau ina tsoron abin da za a ce in an zo neman aurenta, ba zan yi ƙarya ba. Amma na fi tsoron ta girma tana zaton bai damu da ita ba, kamar yadda ni ma na zata.

Karatuna bai wuce aji biyar na firamare ba, wannan ma kwana da kwanaki na yi ina rubuta shi. Roƙona ɗaya ne. In kun yi zama a Dutsin-Ma, kuka taɓa tsayawa a shagon wani mai gyaran rediyo, siriri, mai jita, kuka ɗauke shi a waya, don Allah ku duba tsohuwar wayar ko katinta kafin ku goge. Ko da hayaniyar babura a ciki, ko da rabin minti ne, ina so. Ku kai wa masu shagunan layin, sun san gidanmu a Kurfi.